Gida Na Ashirin da Bakwai

Sau uku na ƙirga gidajen a kan gilashin wayar, sau ukun kuma lissafin yana tsayawa a ashirin da shida.

Mu ashirin da bakwai ne a ajinmu.

Ranar Laraba ce da hantsi, ina zaune a matakalar bayan gidanmu, sabuwar farar hulata ta gama sakandare tana kan cinyata. Jiya-jiya Baba ya ɗora min ita a bakin ɗakin jarrabawa, har ta ɗan karkace. Saura kwana uku ranar mota, ranar da duk ajin za mu ɗare bayan babbar mota a zaga da mu gida-gida, a tsaya minti goma sha biyar a ƙofar kowa, iyaye su fito da ci da sha, maƙwabta su leƙo su ga ɗan wane ma ya gama. Tun da nake ban taɓa jin an tsallake gidan wani ba a duk faɗin yankinmu na Yutland, ko da ɗaki ɗaya ne a saman shago.

Jerin gidajen da za a tsaya ne aka saka a guruf ɗin aji. Namu babu.

Na ce wa kaina kuskure ne. Ni haka nake, ko mari aka yi min sai na fara tunanin ƙila hannun mutum ne ya zame.

Sai wayar ta sake ƙara.

Shafin intanet ɗin nan ne marar suna, wanda ya shekara uku yana bibiyata. Sun saka hoton Baba a kan tsani yana fentin ƙofar gareji, wandonsa ya ɗan zame ta baya, sun zana masa kunnuwan jaki. A ƙasa aka rubuta: "Baban Rahoto yana shirin tarbar baƙi. Wa zai gaya masa?"

Rahoto ni ce. Sunana Solvej, amma tun ajin farko ba mai kirana haka idan babu malami a kusa. Shekara uku da suka wuce Baba yana aiki a gonar shanun Mogens, gonar da rabin garinmu ke ci a cikinta. Ya ga ana sakin ruwan kashin shanu cikin rafi har kifaye suka taso a mace, ya je ya faɗa wa hukuma. Aka kai Mogens kotu, Baba ya rasa aikinsa, mutane suka daina amsa gaisuwarsa a kanti. Ni kuma aka raɗa min suna.

Ba hoton ne ya tsinka min zuciya ba, na saba da irinsa. Abin da ke biye da shi ne. Sun ɗauko hoton wata ƙuri'a daga wani guruf da ban ma san da shi ba.

"A tsallake gidan Rahoto? Eh, 26. A'a, 0."



Idan aka cire ni daga ashirin da bakwai, ashirin da shida ne suka rage. Kuma cikin ashirin da shidan nan akwai Asger.

Asger ɗan Mogens ne, shi aka ɗora wa tsara hanyar da mota za ta bi. Wata bakwai ke nan yana sona ina sonsa, babu wanda ya sani sai matar da ke kula da laburare, ita kuma kullum yi take kamar ba ta ganmu ba.

"Sol!" Baba ya ƙwala min kira daga kicin. "Zo ki ɗanɗana min wannan, kamar gishirin ya yi yawa."

Na kife wayar na shiga. Yana tsaye da gyauton girkin marigayiya Mama, wanda ko cikinsa bai gama rufewa ba, ya soya dunƙulen nama guda shida na gwaji.

"Tamanin da ɗaya zan yi," ya ce, yana miƙo min a bakin cokali mai yatsu. "Uku-uku kenan. Ko kina ganin samarin nan za su ci huɗu? Na san cikin Asger tun yana ɗan shekara biyar, rami ne."

"Ya yi daidai, Baba."

"Ko taunawa ba ki yi ba."

"Ya yi daɗi."

Ya ƙura min ido. "Me ya samu fuskarki?"

"Rana ce."

"To sa hularki mana, don me aka yi ta?" Ya yi dariya, ya ɗauke ta daga hannuna ya kifa min a ka. "Ni ina ɗan sha shida na bar makaranta, kakanki ko nan bai kai ba. Ranar Asabar sai duk layin nan sun ji ƙahon mota a ƙofata, ni Torben. Ƙarfe nawa ne namu?"

Na ji kaina ina cewa, "Wajen ƙarfe biyu."

Ban san daga ina ƙaryar ta fito ba. Na ɗauki kekena na fice kafin ya ga idona.

Ban taɓa taka gonar su Asger ba tun ranar da aka sallami Baba. Kilomita huɗu ne, na tsara jawabi a hanya kamar guda biyar, kowanne ya fi na baya zafi. Da na same shi a rumfar 'yan maruƙa yana zuba musu madara, farar hularsa a keya, duk jawabin ya gudu ya bar ni.

Bokitin ya kusa suɓuce masa.

"Solvej? Ke! Me kike yi a nan? Mamata tana gida fa."

Na miƙa masa wayar kawai.

Ya duba, fuskarsa ta yi fari fat. Bai ce ƙarya ba ne, bai ce wani ya taɓa masa waya ba. Da ya faɗi haka da na yarda, na rantse da na yarda.

"Ba a ce za a saka shi a waje ba," ya ce a hankali. "An ce iya mu ne."

"Abin da za ka ce kenan?"

"Ki tsaya ki ji."

"Sifili, Asger. Ko mutum ɗaya babu. Ƙuri'ar ɓoye ce, ba wanda zai san kai ne, amma ko a ɓoyen ma ba ka iya cewa a'a ba?"

"Don ke na yi."

Na yi wata irin dariya da ban san ina da ita ba, hawaye na zubo min har cikin baki. "Don ni?"

"Ba ki san abin da suka shirya ba!" Ya dire bokitin, wani ɗan maraƙi ya zura kai ciki bai ko kula ba. "Filippa ce ta kawo shawarar. A tsaya a gidanku, amma kar kowa ya sauko. A bar babanki tsaye da faranti a hannu minti sha biyar cur, ana kiran sunan nan, ana haska shi kai tsaye duniya na kallo. Wasu ma cewa suka yi a zo da matattun kifaye a zuba masa a kan tebur. Na yi magana, suka ce to ni me ya dame ni da Rahoto. Sai na ce a tsallake gidan kawai, a yi ƙuri'a."

Na dafa ƙarfen rumfar.

"Kai ne ka kawo ƙuri'ar?"

"Na ga ya fi sauƙi. Na zana hanyar ta bayan coci, ko kusa da layinku ba za mu bi ba. Ba hoto, ba komai."

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

"Sati biyu! Jiya ka rungume ni a bayan laburare, ka rubuta min abu a cikin hulata, kana sane? Babana yana can yana ƙirga nama uku-uku, har da naka. Cewa ya yi cikinka rami ne, yana dariya. Me ya hana ka gaya min?"

"Na ji tsoro."

"Tsoron wa? Ni? Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu?"

"Tsoron wannan kallon da kike min yanzu." Idonsa ya kawo ruwa, ya matso zai kama hannuna. "Solvej, don Allah. Kwana uku ne kawai ya rage. A watan Agusta mu tafi birnin Aarhus, ke jami'a ni aiki, ba wanda ya san Rahoto a can, ba wanda ya san ɗan Mogens."

"Aarhus?"

Ba ni ce na faɗa ba.

Birgitte, mahaifiyarsa, tana tsaye a bakin rumfar da takalman roba da butar kofi a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta yi wani murmushi siriri.

"Solvej. Kin girma. Barka da gamawa."

"Na gode, Birgitte," na ce. Har yau ina jin haushin kaina da na gode mata.

"Ashe ke ce laburaren." Ta juya ga ɗanta. "Ni da babanka muna ta mamaki, yaron da ko takardar madara ba ya karantawa ya koma ɗan littafi. Yanzu kuma har Aarhus."

"Mama, ba yanzu ba."

"Yanzu ne daidai." Muryarta ba ta tashi ba, da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. "Solvej, ba ni da komai da ke. Yarinya ce ke mai hankali, kowa ya shaida. Amma kin san wata takwas Mogens bai iya shiga taron manoma ba? Kin san sunanmu ya fito a jarida da hoton gidan nan? Babanki ya ci abinci a teburina shekara goma sha ɗaya. Da ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, Mogens, bututunka yana yoyo, da an gyara. Sai ya wuce mu ya tafi ofis."

"Ya faɗa masa," na ce, muryata kamar ta sauro. "Sau biyu."

"Haka ya gaya miki."

"Mama!"

"Kai kuma rufe min baki. Gonar nan tun kakan kakanka take, kai kaɗai gare mu. Filippa ta taso a katangarmu, ta san saniya, ta san tarakta, gonar ubanta tana manne da tamu. Ba ɗaure ka na yi ba, ƙasar nan kowa yana da 'yancinsa. Ka so wadda ka ga dama. Amma ka sani, ranar da ka kawo 'yar Torben teburin nan, babanka zai tashi ya bar maka shi, kuma ba zai dawo ba."

Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage min. "Kin san abin da Filippa take min a waya? Shekara uku?"

"Wasan yara." Ta kaɗa hannu. "Ku na yanzu komai sai ku ce an zalunce ku. Kashe wayar mana. Batun mota kuwa, tamu ce, Mogens ne zai ja ta da kansa. Aji ya yi ƙuri'a, an bi ƙa'ida, ba wanda ya tilasta wa kowa. Ko ba haka ake yi ba?"

Na kalli Asger. Jira nake ya ce wani abu, ko kalma ɗaya.

Ƙasa yake kallo.

Na hau kekena. Sai da na kai rabin hanya na tuna amsoshin da ya kamata in ba ta, masu kyau, har guda uku.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Asger ya turo saƙo talatin da wani abu, ban buɗe ko ɗaya ba. Shafin kuwa kullum da sabon abu. An saka hoton tutar da Baba ya wanke ya shanya, an saka na tebura biyu da ya aro a zauren unguwa ya ɗauro a kan amalanken keke. Wani ya rubuta, "Saura kwana ɗaya a kai rahoton yunwa." Mutum ɗari biyu da sha ɗaya suka danna alamar dariya, har da waɗanda ban taɓa gani ba a rayuwata.

Sau huɗu na tsaya a bayan Baba na buɗe baki. Sau huɗu yana juyowa da wata tambaya. Kek mai sitiroberi ko mai tuffa? Rigarsa shuɗiya ko fara? Ya sa waƙa ko za ta yi masa tsufa?

Baba ba ya shiga waɗannan shafukan. Wayarsa ta kira ce da duba yanayin sama. A saninsa manya ne suka juya masa baya, yara ba ruwansu.

Ranar Asabar na yanke shawara irin ta matsorata. Zan hau motar, in ƙarfe biyu ta yi in kira shi in ce lokaci ya ƙure mana, an rage gidaje da yawa, ba namu kaɗai ba. Zai ji ciwo, amma ba zai san dalili ba.

Motar tana tsaye a harabar makaranta, an lulluɓe ta da rassan itace da tutoci da balan-balan, kiɗa na tashi kamar zai fasa kunne. Duk 'yan matan muna cikin fararen riguna. Da na kama tsani zan hau, Filippa ta leƙo daga sama, gashinta kamar zinariya, usur a wuyanta.

"A'a! Ku matsa wa Rahoto, kar ta rubuta mu."

Aka kwashe da dariya.

"Kin zo da biro, 'yar gari? Ko a ka kike haddacewa?"

Na wuce can lungu na riƙe ƙarfe. Asger ya taso zai zo wurina, na girgiza masa kai, ya koma.

Gida na ɗaya, gida na biyu, gida na tara. Ko'ina iyaye da tutoci, kakanni a kujerun lambu, burodi da tsiran nama da giya da lemo. Ana sauka ana rawa ana hawa. Wata uwa ta rungume ni ba ta san ko wace ce ni ba, ta ce, "Iyayenki suna can suna jira, ko?" Na ce eh.

Biyu saura minti biyar muka baro gida na goma sha uku. Na ciro wayata, na nemo sunan Baba. A mararrabar coci ya kamata mu yi hagu.

Motar ta yi dama.

Na ɗauka idona ne. Sai na ga shagon gyaran keke, na ga akwatin wasiƙa ja, na ga bishiyar da nake jingina kekena tun ina firamare. Layinmu ne.

"Ba nan ba ne!" Asger ya daka tsawa. Ya ture mutane ya isa gaba, yana dukan rufin mazaunin direba da tafin hannu. "Baba! Hagu na rubuta! Baba, ba nan ba ne!"

Filippa ta hura usur. "Wayoyi sama, jama'a! An ce ba za mu tsaya ba, ba a ce ba za mu wuce ba. Na roƙi Mogens da safe, ya ce ba matsala."

Babban mutum. Mai furfura. Shi ma da shi.

Motar ta rage gudu har ta koma kamar tafiyar ƙafa, ƙaho na tashi ba ƙaƙƙautawa.

Ga Baba can.

Farar rigar ya sa. Ya jera teburan biyu a kan ciyawa da fararen ƙyallaye, kofuna a layi, tuta a sama, hotona ina jaririya ya manna a ƙofar garejin da ya yi wa fenti. Yana riƙe da babban faranti, ya soka 'yan ƙananan tutoci a kan naman. Da ya hango mu fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin yadda ban gani ba tun kafin rasuwar Mama.

Muka zo daidai ƙofar. Muka gota ta.

Sai ya biyo mu.

"Nan ne!" yana kira, yana ɗan gudu da farantin, tutocin na faɗuwa a titi. "Kun wuce! Mogens, nan ne gidan! Sol, gaya masa ya tsaya!"

"Ra-ho-to! Ra-ho-to!"

Ba duka ne suke yi ba. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na ga wata ta toshe bakinta da hannu. Amma wayoyi sun fi goma a sama, kuma ba wanda ya ce a bari.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji maƙogwarona yana zafi. Na kutsa zuwa bayan motar, na kama sakatar ƙofar tsani, ta ƙi buɗuwa, hannuna duk gumi. Wani hannu ya zo ta kan nawa ya fizge ta. Asger ne. Ya dira ƙasa motar na tafiya, ya yi tangal-tangal, ya miƙo min hannu. Ban kama ba, na diro da kaina, gwiwata ta daki kwalta.

Aka taka burki da ƙarfi. Wani ya kashe kiɗan.



Baba ya iso yana haki. Ya kalli gwiwata da ke jini, ya kalli fuskata, ya ɗaga kai ya kalli wayoyin da ke haska shi. Na ga lokacin da ya gane. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa, kamar bai san inda zai ajiye shi ba.

Mogens ya sauke gilashi ya leƙo. Ko kallon Baba bai yi ba.

"Hau mota, Asger."

"Ka ce min hagu za ka bi."

"Na ce ka hau mota. Mutane na jiranmu."

"Mutum na jiranmu a nan ma."

"Kar ka mayar da ni abin kallo a titi, yaro." Wuyan Mogens ya yi jawur. "In ka taka ciyawar gidan nan, ka nemi inda za ka kwana. Ba da wasa nake ba."

Baba ya gyara riƙon farantin. Muryarsa ta fito a sanyaye.

"Mogens, rigimarmu tamu ce, ni da kai. Yara ne waɗannan." Ya matsa jikin motar ya ɗaga farantin sama iya tsawon hannunsa. "Ku ɗauka mana, da zafinsa. Filippa, ke ce ba kya cin albasa, ko? Na tuna tun bikinku na 'yan shekara bakwai. Na gefen nan babu albasa, don ke na ware."

Filippa ta sauke wayarta.

Ba wanda ya miƙo hannu. Baba yana tsaye, hannuwansa a sama, farantin ya fara rawa.

Asger ne ya karɓe shi.

Ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya wa motar baya, ya taka a hankali har bakin titi, ya ɗora ƙafarsa a kan ciyawarmu. Ya je ya ajiye farantin a tsakiyar tebur, ya ja kujera ya zauna. Kafaɗunsa na girgiza, amma bai waiwayo ba.

"Asger!" Filippa ta kira, muryarta ta fashe. "Haba, wasa ne fa! Asger!"

Mogens ya ɗaga gilashinsa. Motar ta ja da ƙarfi har balan-balan biyu suka tsinke, ta sha kwana, ba ƙaho, ba kiɗa.

Muka rage mu uku, da kofuna ashirin da bakwai. Labulen maƙwabta na motsi.

Baba ya taka zuwa matakalar ƙofa ya zauna daɓas kamar an yanke masa ƙafa. Na durƙusa a gabansa. Ya ciro hankici ya ɗaure min gwiwa, ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa.

"Me suke kira?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ba komai, Baba."

"Na ji da kunnena. Da ni suke, ko da ke?"



"Da ita suke, Torben," Asger ya ce daga tebur, muryarsa a dishe. "Sunan da muke kiranta kenan. Har da ni, a ajin farko. Kuma ni na kawo shawarar a tsallake gidan nan."

Baba ya dube shi ya daɗe. Wayar Asger ta fara ruri a aljihunsa, ta katse, ta sake farawa. Bai taɓa ta ba.

"Ci abinci," Baba ya ce masa a ƙarshe. "Za mu yi magana ni da kai, amma ba yau ba."

Ya juyo gare ni. Idanunsa sun kaɗa.

"Tun yaushe, Sol?"

"Baba, don Allah…"

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku." Ya maimaita kamar wani yare ne da bai iya ba. "Kullum ina tambayarki ya makaranta, kina cewa lafiya. Ni ina nan ina cewa ko ba komai abin bai taɓa 'yata ba." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "A ina suke yi? A aji?"

"A waya."

Ya miƙo hannu.

Na rungume wayar a ƙirjina. Akwai hotuna a ciki da ko ni sau ɗaya na iya kallonsu, akwai abin da aka rubuta a kan Mama.

"Ba za ka iya ba, Baba."

"Ke kin iya, ke kaɗai, shekara uku," ya ce. "Ba ni."

Na buɗe shafin, na yi ta ja da yatsa har na kai ƙasa, ranar farko. Na sa masa a hannu.

Ya laluba aljihun farar rigarsa ya ciro tabarau, ya matsa gefe ya yi min wuri a kan matakalar, ya fara karantawa.